Firjin rigakafi mai aiki da rana: wa zai gyara idan ya lalace?

Allurar rigakafin annobar awaki da tumaki, wadda duniya ta ɗauki alkawarin kawarwa nan da 2030, tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. A Bermo ko Tesker, inda wutar NIGELEC ba ta kai ga mashekarin makiyaya ba, firji mai aiki da hasken rana mafita ne. Abokan hulɗa sun kawo su, mun gode. Amma a ganina ana sa hannu kan yarjejeniya ba tare da an amsa tambaya ɗaya ba: ranar da ya tsaya, na wane ne?

Mai ba da kuɗi aikinsa na da wa'adi. Kamfanin da ya kafa ya karɓi kuɗinsa ya koma Yamai. Magajin gari ya ce kayan ma'aikatar kiwo ne, ma'aikata ta ce babu kasafin gyara. Zafin watan Afrilu kuwa yana cin batir, ƙurar hunturu tana rufe farantan rana. Firjin da ke mutuwa da dare ya farfaɗo da hantsi ya fi matacce haɗari, domin za a yi wa garke allurar da ta riga ta lalace. Idan awaki suka mutu bayan rigakafi, makiyayi ba zai zargi batir ba. Mu zai zarga, baɗi kuma ba zai kawo dabbobinsa ba.

Haka abin yake a famfunan rana na shayar da dabbobi. Ana cika kwamitin kulawa da mazauna gari, alhali masu biyan kuɗin ruwa mafi yawa su ne waɗanda ke tafiya arewa da damina.

Kafin a kafa komai, a rubuta sunan wanda zai biya gyara. A zaɓi firji marar batir, mai tara sanyi cikin ƙanƙara da rana ya riƙe shi har safe. A horar da masu gyaran lantarki na Dakoro, Abalak da Tanut, a ajiye kayan gyara kusa da su. Ardo da ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN su zauna a kwamiti, su ga lissafin asusu da idonsu.

Wanda zai kawo firji goma, gara ya kawo takwas, sauran kuɗin ya zuba a asusun gyara.