Ba uraniyom ne ya sa hannu a takardun bashi ba

Duk ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati da ya manyanta a ƙasar nan bai manta da BDRN ba. An kafa shi a 1961, ya zama banki mafi girma a Nijar, sannan aka rufe shi a 1990, SONIBANK ya gaji abin da ya rage. Asusun bashin noma na CNCA ma haka ya ƙare. In aka tambayi dalili, sai a ce farashin uraniyom ya faɗi, ga kuma farin 1984. Mun ji, mun yarda. Amma uraniyom bai taɓa sa hannu a takardar bashi ba, fari kuma bai taɓa buga tarho ya ce a ba wane kuɗi babu jingina ba. Mutane ne suka yi, kuma ma'aikatan banki ne suka buga hatimi.

Kowane bashi yana bi ta hannuwa da dama kafin kuɗi su fita: mai binciken takardu, shugaban sashe, darekta. In waɗannan mutane sun shigo aiki ta hanyar jarrabawa, amanarsu tana ga banki. In kuwa wasiƙar wani babba ce ta shigo da su, to amanarsu tana ga mai wasiƙar. Ranar da ya aiko ƙaninsa neman miliyan ɗari, wa zai iya cewa a'a? Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Bayan ɗauka sai ƙarin girma. Ma'aikacin da ya ce takardun wane ba su cika ba, an san makomarsa: a kira shi mai taurin kai, a tura shi wani reshe mai nisa, a manta da shi. Mai cewa "to, ranka ya daɗe" shi ke hawa kujera. Matasa suna kallo, suna ɗaukar darasi. Ranar da banki ya durƙusa kuwa, ba masu buga tarho ke rasa abinci ba. Mai karɓar kuɗi a gishe, direba da mai gadi su ake sallama, masu ajiya kuma su yi ta jeka-ka-dawo a bakin ƙofa.

Yanzu wata sabuwar cuta ta ƙaru. Ana riƙe yara masu manyan takardun karatu da sunan koyon aiki wata da watanni, ko a ɗauko su ta hannun kamfanonin haya, da ɗan abin da bai wuce kuɗin mai da abinci ba. Yaron da miliyoyi ke ratsa hannunsa kullum, bai san ko yana da aiki wata mai zuwa ba, shi aka ce ya tsare amana. An ba kura ajiyar nama ke nan? A'a, an dai ba mayunwaci, kuma laifin na wanda ya hana shi abinci ne.

Shugabannin bankuna za su ce wannan harkar cikin gida ce, ta masu hannun jari. Ba mu yarda ba. Mafi yawan kuɗin da banki ke juyawa na masu ajiya ne: jarin Alhajin Maraɗi, cinikin mai albasar Galmi, albashin malamin makaranta a Damagaram. Mai kuɗi yana da ikon tambayar wanda aka ɗora a kan kuɗinsa. Hukumar sa ido kan bankunan yankinmu, da aka kafa a 1990 take zaune a Abijan, tana duba lissafi da cancantar shugabanni, amma ba ta iya auna tsoron da ke zuciyar ƙaramin ma'aikaci. Ilimi ma ba shi muka rasa ba, tun 1977 cibiyar COFEB ta BCEAO ke horar da ƙwararru a Dakar.

Don haka muna kira da a riƙa ɗaukar aiki ta jarrabawa a fili, a kafe sakamako kowa ya gani. Duk umurnin ba da bashi ya zo a rubuce da sunan mai umurnin. Ma'aikacin da ya ƙi sa hannu bisa hujja, kada a canza masa wuri sai da sanin wakilan ma'aikata. Sufetocin aiki su shiga bankuna su ƙirga masu koyon aikin da ba ya ƙarewa, su yi aiki da dokar ƙwadago ta 2012.

Ƴan kasuwa, ku ma da sauranku. Wanda ya kai ɗansa banki ta bayan gida, ko ya nemi bashi ta hannun ɗan siyasa, kada ya yi kuka ranar da ya tarar da ƙofa a garƙame, ajiyarsa na ciki.