An Zaɓe Ka, An Ce Ka Jira: Shin Wannan Jinkiri Ya Halatta?

Wata muguwar al'ada ta samu gindin zama a ma'aikatun gwamnatin ƙasar nan, har mutane sun fara ɗaukarta tamkar wani rukuni ne daga rukunan neman aiki. Za a yi shela ana neman ma'aikata, matasa su yi tururuwa su cike takardu, su ranci kuɗin mota su je jarrabawa, a auna tsawonsu, a duba lafiyarsu, a fitar da sunayen waɗanda suka yi nasara. Daga nan sai shiru, kamar an aiki bawa garinsu. Wata ya wuce, wani ya kama, shekara ta zagayo, in ka je ka tambaya a ce maka ana jiran umarni daga sama. Wane ne wannan na saman, kuma yaushe zai yi magana? Babu mai gaya maka.

Tambayar da 'yan uwa matasa da dama ke yi ita ce, shin doka ta yarda da wannan? Ya kamata a amsa ta ba tare da ɓoye-ɓoye ba, domin wanda bai san iyakar haƙƙinsa ba, ko dai ya yi ta ihu a inda ba shi da hujja, ko kuma ya yi shiru a inda hujja take hannunsa.

Mu fara da abin da ya faru a idon kowa. Ranar 15 ga Maris 2014 Hukumar Shige da Fice ta tara dubun dubatar matasa a filayen wasa, bayan an karɓi Naira 1,000 a hannun kowannensu. Aka yi turmutsitsi a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin, aƙalla mutum 15 suka rasa rayukansu. Don a share hawayen jama'a sai gwamnatin wancan lokaci ta kafa kwamiti, aka sake ɗaukar aiki, kimanin mutum 2,000 suka karɓi takardunsu a watan Mayun 2015, suka shiga horo. Gwamnati na canzawa, a watan Agustan wannan shekarar aka ce kowa ya koma gida, wai ba a bi ƙa'ida ba wajen ɗaukarsu. Bayin Allahn nan suka yi ta zarya Abuja suna kuka, sai a 2017 aka sake tantance su aka mayar da wani kaso. In har an karya ƙa'ida, su wa suka karya ta? Yaron da ya ga sanarwa ya cike takarda, ko manyan da suka sa hannu?

Haka nan batun ɗaukar kuratan 'yan sanda 10,000. A 2019 rigima ta ɓarke tsakanin ofishin Sufeto Janar da Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda a kan wanda yake da ikon ɗauka. Babbar Kotun Tarayya ta ba Sufeto Janar gaskiya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wannan hukunci a watan Satumban 2020, ba a rufe maganar ba sai a Yulin 2023 da Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Hukumar da ikonta. Duk da haka, da Hukumar ta fitar da sunayen mutum 10,000 a farkon Yunin 2024, rundunar ta fito ta ce ba ta yarda da jerin ba, tana zargin an cusa sunaye. Sai da aka yi ta cacar baki a jaridu kafin a sasanta a fara horo a watan Agusta. Manya suna kokawar iko, 'ya'yan talakawa suna zaune da jaka a ɗaure.

To, me doka ta ce? A nan akwai matakai biyu, kuma wajibi ne a bambance su.

Mataki na farko shi ne wanda sunansa ya fito a jerin waɗanda aka zaɓa, amma ba a miƙa masa takardar ɗaukar aiki ba. Gaskiya ɗaci gare ta: a idon kotunan ƙasar nan, wannan bai ƙulla yarjejeniya da kowa ba tukuna. Talla da jarrabawa da ganawa duk share fage ne. Yarjejeniyar aiki tana ƙulluwa ne idan an yi tayi a rubuce, shi kuma ya amsa. Sashe na 17 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce hukuma ta tsara manufofinta yadda kowa zai samu damar aikin yi, amma sashe na 6 na wannan kundin ya hana kotu tilasta abin da ke cikin wannan babin. An ba ka da hannun dama, an karɓe da na hagu. Wannan ita ce ƙofar da aka bari a buɗe, kuma ta nan ake shiga ana wasa da rayuwar matasa.

Mataki na biyu shi ne wanda aka ba takarda, ya sa hannu ya amsa. Wannan kam yana da hujja mai ƙarfi. Tun a 1981, a shari'ar Shitta-Bey, Kotun Ƙoli ta yanke cewa ma'aikacin gwamnatin tarayya ba bisa ganin damar wani yake riƙe da aikinsa ba, doka ce ta ɗaure shi, kuma sai ta hanyar doka za a kwance shi. Akwai kuma shari'ar wasu mutane da Hukumar Tattarawa da Rabon Arzikin Ƙasa ta ba takardun aiki a 1999, sannan aka ce su dakata saboda umarnin da ya zo bayan canjin gwamnati. Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa yarjejeniya ta riga ta ƙullu tsakaninsu da hukumar. Sai dai abin takaici, kusan shekara 20 aka kwashe kafin a kai ga wannan hukunci. Wanda ya shiga kotu yana saurayi ya fito da furfura.

Saboda haka in mutum ya ce doka ba ta hana jinkiri ba, sai mu ce masa ya faɗi rabin magana. Ko a mataki na farko, ikon da aka ba Hukumar Ma'aikatan Tarayya da takwarorinta a sashe na 153 amana ce da aka danƙa musu don amfanin jama'a. Sashe na 15 na kundin da suka yi rantsuwa da shi ya ɗora wa hukuma kawar da cin hanci da wuce gona da iri wajen amfani da iko. Jinkirin da ba a faɗi dalilinsa ba, ba a yanka masa wa'adi ba, ba a sanar da waɗanda ya shafa ba, mene ne sunansa in ba wasa da iko ba?

Ba mu ce duk jinkiri mugunta ba ne. Kasafin kuɗi yana iya makara, kotu tana iya ba da umarnin a dakata, ana iya gano takardun bogi a ce sai an sake tantancewa. A 2020 gwamnatin tarayya ta dakatar da ɗaukar aiki lokacin annobar korona da faɗuwar farashin mai. Amma mai uzuri na gaskiya ba ya jin nauyin faɗinsa. Kuma hukumar da ta san ba ta da kuɗin albashi, me ya kai ta yin shela tun farko?

Abin da ya sa muke zargi shi ne abin da ya fito daga bakinsu. A 2023 kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi ya binciki cinikin guraben aiki, inda wani tsohon ma'aikacin Hukumar Raba Daidai, hukumar da aka kafa don kowace jiha ta samu rabonta, ya amsa da bakinsa cewa ya karɓi kuɗi daga masu neman aiki. An kuma ji yadda ma'aikatu ke neman a yafe musu tallata gurabe a jarida, su ɗauki mutane a ɓoye. Wanda ya ji wannan, in ya ga jerin sunaye ya kwana wata shida a cikin durowa, ai ba a ce masa ya yi mummunan zato ba. Biri ya yi kama da mutum. Kowane wata da aka ƙara, dama ce ga mai takardar Sanata da mai kuɗi a hannu su sa a goge sunan ɗan wanda ba shi da kowa.

Su kuwa masu jiran, asararsu ba ta da mai biya. A galibin guraben kuratan 'yan sanda ba a ɗaukar wanda ya haura shekara 25, don haka in aka soke jerin bayan shekara biyu, wani ya fita ke nan har abada. Wani ya ajiye koyarwar da yake yi a makarantar kuɗi, wani ya bar shagon maigidansa, wani an sa masa ranar aure bisa wannan tsammani, wani mahaifinsa ya sayar da akuya ya yi masa kuɗin mota. Ba a ɗauke shi ba balle ya ci albashi, ba a sallame shi ba balle ya kama wata hanya.

A nan ne ɗan Islamiyya zai ga inda dokar ƙasa ta gaza. Duk wanda ya karanta fiƙihu ya san Shari'a ba ta yarda a bar mutum a rataye ba. Mijin da ya yi rantsuwar ƙaurace wa matarsa, wata huɗu aka yanka masa, ko ya koma ko ya sallame ta. Mai halin biyan bashi da ya yi ta jan ƙafa, malamai sun kira aikinsa zalunci. In an yanka wa'adi a tsakanin mutum biyu, ina ga hukumar da ta ɗaure dubban mutane da alkawari? Alkawari kaya ne, wanda ya ɗauka shi zai sauke.

Don haka muna kira ga Majalisar Tarayya da majalisun jihohi su toshe wannan ƙofa da doka bayyananniya. Kada a yi shelar aiki sai kuɗinsa yana cikin kasafi. A yanka wa'adi tsakanin fitar da suna da miƙa takarda. In an wuce wa'adin, a bayyana dalili a rubuce, kuma a ɗaga wa waɗanda aka zaɓa ƙa'idar shekaru. Jerin da aka buga kada a taɓa shi sai an faɗi sunan da aka cire da laifinsa. Jami'in da ya karya ƙa'ida shi za a hukunta, a ƙyale yaran mutane.

Ku kuma 'yan uwa da abin ya shafa, kada ku zauna kuna jiran gawon shanu. Kowa ya adana duk wata takarda da saƙon da aka aiko masa. Wanda aka ba takardar aiki ya amsa a rubuce, ya riƙe kwafi mai hatimi, ya je ya nuna kansa a ranar da aka ce. Ku haɗa kai ku rubuta wa hukumar ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba ta kwana 7 ta amsa. Ku kai kuka Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, ba a biyan ko kwabo. In ta kai ga shari'a, Kotun Ma'aikata ce sashe na 254C ya ba hurumin irin wannan ƙara, kuma ku nemi lauya da wuri, domin akwai tsohuwar dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata 3 da lauyoyinsu ke fakewa da ita. Kada wanda ya ba wani ko sisi don a gaggauta masa, domin da kuɗinka ake ƙarfafa kasuwar da za a sayar da gurbin ɗan uwanka. Kuma kada ka saki sana'ar hannunka sai takarda ta shigo, kada a yi sakin na hannu a kama na guje.

Arziki na Allah ne, ba a ofishin kowa yake ba. Amma wannan bai sauke wa mahukunta nauyin amanar da suka ɗauka ba, bai kuma hana wanda aka zalunta neman haƙƙinsa ba. Allah Ya isar wa raunana.