Jitar Bes da Aljihun Mai Koyo: Shawara ga Samarin Dala

Duk wanda yake lura da yadda kiɗan Hausa yake tafiya tun daga shekarar 1990, lokacin da finafinan bidiyo suka kunno kai a Kano, zai ga cewa fiyano ya kusa haɗiye sauran kayan kiɗa. Mutum guda zai zauna a ɗakin ɗaukar sauti ya danna maɓalli, sai ga amon kalangu da na sarewa da na jita duk sun fito daga akwati ɗaya. Saboda haka idan aka sami saurayi a Gwammaja ko Ƙofar Mazugal ko Madigawa wanda ya ce shi da hannunsa yake son ya koyi kaɗa jitar bes, wato jita mai kaurin amo wadda take riƙe gindin kiɗa, ya cancanci a ba shi shawara ta gaskiya. Ra'ayina shi ne, mai ƙaramin ƙarfi ya zaɓi jitarsa ta farko da hannu da kunne, kada ya bar sunan kamfani ya zaɓar masa.

Da farko ya kamata a san asalin abin. Wani Ba'amurke mai suna Leo Fender ne ya fitar da jitar bes mai aiki da lantarki wadda ta game duniya, a shekarar 1951, ya sa mata suna Precision, sa'an nan a 1960 ya ƙara da wata mai suna Jazz. Har gobe yawancin waɗanda ake sayarwa a kasuwa kwaikwayon waɗannan biyu ne: tsirkiya huɗu, da tsawon inci 34 daga jaki zuwa ƙarshen wuya. Tsadar ta asali ta sa kamfanin da kansa ya soma yin masu sauƙin kuɗi da sunan Squier a 1982, kuma kamfanonin Japan irin su Yamaha da Ibanez suna yin nasu na masu koyo. Amma sunan da ya yi fice shi ake yi wa jabu, kuma manna suna a kan katako ba aiki ne mai wuya ba. Don haka rubutun da yake kan jita shi ne shaida mafi rauni a cikin shaidun ingancinta.

Shaida mai ƙarfi tana wuyan jita. Tsirkiyoyin bes ƙarfe ne masu kauri, suna jan katakon wuya dare da rana, kuma yanayinmu na Kano ba ya tausaya wa katako: hunturu ya busar da shi, damina ta kumbura shi. Idan mai saye ya je shagunan Sabon Gari, inda aka fi samun irin waɗannan kaya saboda majami'u da ƙungiyoyin makaɗa, to ya ɗaga jitar ya hangi wuyanta daga kai zuwa gindi kamar yadda kafinta yake hangen katako. Ɗan lanƙwasa kaɗan ba laifi, domin akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake juyawa a miƙar da shi, kuma ya nemi a juya ta a gabansa ya tabbata tana aiki. Wuyan da ya murɗe kamar igiya kuwa, a bar wa mai shi abinsa ko da kyauta ne. Bayan haka ya danna kowace tsirkiya a kan kowane ƙarfen da aka gitta a wuyan, ya saurara ko akwai zizar da ba ta dace ba. Ya duba kuma nisan tsirkiya da katako, domin idan ta yi sama da yawa yatsun mai koyo za su yi tsami, kuma tsamin yatsa ya raba mutane da yawa da koyon jita tun watan farko.

Abu na biyu shi ne sauƙin kayan. Akwai bes mai tsirkiya biyar ko shida, akwai kuma wadda take buƙatar batir a cikinta kafin ta yi amo. Waɗannan duk ƙarin kuɗi ne da ƙarin abin lalacewa. Mai koyo ya tsaya a kan tsirkiya huɗu marar batir, wadda duk mai gyaran rediyo zai iya haɗa wayarta idan ta tsinke. Wanda hannunsa ƙarami ne ya nemi gajera mai inci 30. Ta hannu kuma ba abin kunya ba ce, muddin an jona ta an murɗa maɓallanta ba a ji ƙarar tsatsa ba.

Abu na uku, wanda aka fi mantawa, shi ne jitar bes ba ta magana ita kaɗai. Tsirkiyarta mafi kauri tana kaɗawa kamar sau 41 ne a daƙiƙa, amon da ƙaramar lasifika ba ta iya ɗauka sai ta yage. Saboda haka wanda ya zuba duk kuɗinsa a kan jita ya koma gida da kurma. Ya kamata ya raba kuɗin, ya ware rabon na'urar ƙara sauti ta bes da wayar haɗi. Ganin yadda wutar lantarki take a unguwanninmu, da kuma yadda gidajen cikin birni suke manne da juna, ƙaramar na'ura mai batir da ake saurare ta kunne ta fi dacewa, ta kuma tsare haƙƙin maƙwabta. Maratayi da jaka kuwa, dukawan Kasuwar Kurmi za su ɗinka masu ƙwari da fata.

Wani zai ce ai araha ba ta ado, gara a yi haƙuri a tara kuɗi a sayi mai tsada sau ɗaya. Maganar tana da ƙanshin gaskiya, amma tarihin makaɗanmu bai goyi bayanta ba. Marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya, kuma cikin kuntigi gwangwani ne da aka rufe da fata. Haruna Uji da gurmi ya yi sunansa. Haka nan Mdou Moctar na ƙasar Nijar, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Shekarun da za a ɓata ana tarin kuɗi su ne shekarun da yatsa yake da laushin koyo. Arahar da ake gudu ita ce ta kaya mai aibi, kuma mun riga mun faɗi yadda ake gane aibin.

A ƙarshe, ina kira ga mai niyya da kada ya je kasuwa shi kaɗai. Ya nemi wanda ya iya kaɗawa ya raka shi, ya gwada jita uku ko huɗu kafin ya yi tayi. Idan ya kawo ta gida, ya ajiye ta a jaka nesa da rana, ya riƙa share tsirkiya bayan kowane kiɗa, sa'an nan ya zauna da faifan Mamman Shata yana bin kalangu da yatsunsa, domin aikin da makaɗan Shata suke yi na riƙe masa gindin waƙa shi ne aikin da ake nema daga mai bes. Allah ya sa mu dace.