Kafin A Sayi Tikitin Zuwa Ganin Dusar Ƙanƙara

Duk shekara, da zarar an gama yankan dawa, hazo ya fara lulluɓe gadar Wudil da sassafe, sai 'yan gwanjo su kwance dilolin rigunan sanyi a bakin titi. Ranar Juma'a, da yake ita ce ranar kasuwar garin, abin ya fi armashi: Bafulatanin da ya sayar da sansa a kara, da direban tirela, da ɗalibin jami'a, kowa na ɗaga riga yana gwadawa. Wanda ya lura da kyau zai ga wasu rigunan suna da wani ɗan ƙaramin aljihu mai zif a hannun hagu, dab da wuyan hannu. 'Yan acaɓa sun mayar da shi ma'ajiyar canji. Maɗinkin rigar kuwa ya yi shi ne domin katin shiga kujerar igiya da ke ɗaukar masu wasan zamiya zuwa ƙololuwar dutse a ƙasashen Turai. Ke nan mun daɗe muna sanya kayan wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, wasan ne kawai bai iso gare mu ba.

Yanzu ya fara isowa, ta wayar hannu. Hotunan 'ya'yan masu hali suna tsaye cikin farar ƙanƙara a Dubai ko Turkiyya suna yawo a WhatsApp da Instagram, kuma a majalisun samari har da na magidanta an fara jin ana cewa bana in Allah ya hore sai an kai iyali sun gani da idonsu. Akwai masu ganin wannan almubazzaranci ne tsagwaronsa. Ni ban tafi a kan haka ba. Wanda ya nemi halalinsa, ya fitar da zakka, ya biya kuɗin makarantar yara, bai bar maƙwabci da yunwa ba, yana da damar ya je ya ga ikon Allah a inda ruwa ke sauka fari kamar auduga. Abin da nake ja da shi shi ne yadda muke shirya tafiyar. Mukan fara da tambayar ina za a je, alhali tambayar farko ita ce wa zai je.

Dalilina kuwa shi ne cutar sikila. Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan jariran da ake haifa da ita a duniya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a cikinmu yana ɗauke da ƙwayar gadonta, wato abin da ake kira AS. Saboda girman matsalar ne ma gwamnatin Jihar Kano ta sanya gwajin jini kafin aure ya zama doka a shekarar 2024. Abubuwan da suka fi tayar da ciwon mai sikila sun haɗa da sanyi mai tsanani, da ƙarancin iskar shaƙa, da ƙarancin ruwa a jiki, da wahalar da jiki. Wurin wasan zamiya ya tara duka huɗun a waje guda. Mu nan Wudil ba mu kai mita 500 daga doron teku ba, su kuwa wuraren wasan da yawansu sun haura mita 2,000, inda iska ta yi sirara, numfashi ɗaya ba ya kai wa jini abin da ya saba samu. Har mai AS, wanda a gida lafiyarsa ƙalau, likitoci sun tabbatar saifarsa na iya samun matsala a irin wannan tsayi. Haka mai asma, da mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mai juna biyu. Uban da zai kashe miliyoyi a kan tikiti bai kamata ya ji ƙyashin kuɗin ganin likita na yini ɗaya ba, ya faɗa masa sunan wurin da tsayinsa, ya ji abin da zai ce game da kowane yaro.

Idan likita ya ba da izini, sai a zo kan zaɓen wuri, kuma nan ma akwai abin dubawa. Mafi sauƙi ga mutumin Kano shi ne ƙanƙarar cikin gini. Ski Dubai, wanda aka buɗe a 2005 cikin katafaren kantin Mall of the Emirates, ɗaki ne tafkeke da injuna ke riƙe da sanyinsa ƙasa da sifiri, gangararsa mafi tsawo mita 400. Akwai irinsa a Masar, Ski Egypt, da aka buɗe a 2017 a wajen Alƙahira, kuma jirgin Masar ya daɗe yana tashi daga filin jirgi na Malam Aminu Kano. Amfanin waɗannan wurare a bayyane yake: babu tsayin dutse, asibiti na kusa, kuma idan yaro ya fara kuka saboda sanyi, taku kaɗan ne ya fito cikin ɗumi. Ga iyalin da burinsu yara su taɓa ƙanƙara su yi hoto, sa'o'i biyu a nan sun wadatar. Sai dai a tuna Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta taɓa dakatar da ba 'yan Najeriya biza daga 2022 har zuwa watan Yulin 2024, kuma sharuɗɗanta kan sauya. Kada a biya kuɗin otal kafin biza ta fito.

Wanda yake son dutse na gaske a nahiyarmu, akwai Ukaimadan a ƙasar Maroko, tafiyar kamar kilomita 75 daga Marrakash, a tsayin da ya fara daga mita 2,600. Mutane da yawa na mamakin jin ana ƙanƙara a Afirka, alhali a garin Ifran na Marokon aka auna sanyi mafi tsanani a tarihin nahiyar, kusan digiri 24 ƙasa da sifiri, a watan Fabrairun 1935. Matsalar Ukaimadan ita ce ƙanƙararsa ba ta da alkawari. Wata shekarar ta sauka a Janairu, wata shekarar mutum ya je ya tarar da duwatsu tsirara. Akwai kuma Afriski a ƙasar Lesoto, sama da mita 3,000, amma can hunturunsu daga Yuni ne zuwa Agusta, daidai lokacin da muke tsakiyar damina.

Da za a tambaye ni, Turkiyya zan nuna wa magidanci Bahaushe. Dutsen Uludag yana saman birnin Bursa, tsohuwar hedikwatar Daular Usmaniyya, 'yan sa'o'i daga Istanbul. Abinci halal ne ba sai an yi ta karanta bayan kwali ba, masallaci ba ya wuyar samu, kuma ranar da gwiwa ta gaji ana iya sauka gari a yi salla a babban masallacin Bursa mai ƙubba ashirin, wanda ya haura shekara 600. Akwai kuma Erciyes kusa da Kayseri, da Palandoken a Erzurum. Duwatsun Alps na Faransa da Switzaland da Ostiriya su ne gidan wasan, a Shamoni ta Faransa aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924, amma tsadarsu ta mai kuɗin Turai ce. Kuɗin neman bizar Shengen kaɗai Yuro 90 ne ga babba tun watan Yunin 2024, ba a mayarwa idan an hana, kuma dole a nuna inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, kowa ya san abin da Yuro ɗaya ya zama.

Maganar inshora tana buƙatar a tsaya a kanta, domin a nan ne ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Inshorar tafiya da ejan ke haɗa wa mutum don a samu biza, galibinta ba ta ɗaukar raunin da aka ji a wasan ƙanƙara, sai an nemi a ƙara shi da sunansa an biya ƙari. Wanda ya karye a kan dutse, masu ceto ne za su sauko da shi, wani lokaci da jirgi mai saukar ungulu, kuma a wurare da dama shi zai biya. Rauni a wannan wasa ba abin mamaki ba ne, gwiwa da wuyan hannu su ne kan gaba. Michael Schumacher, wanda ya ci kambun tseren mota na duniya sau bakwai, kuma ya daɗe da iya zamiya, ya faɗi ya bugi dutse da ka a Meribel ta Faransa ranar 29 ga Disamban 2013, da hular kwano a kansa, kuma tun daga ranar bai sake fitowa bainar jama'a ba. Shi ya sa nake ganin kuɗin malamin koyarwa na kwana biyu ko uku na farko ya fi kuɗin otal mai tauraro biyar muhimmanci. A Turai ana yi wa gangara alama da launi, shuɗi mai sauƙi, ja matsakaici, baƙi na gwanaye, wasu ƙasashen kuma da kore na ɗan koyo. Saurayin da ya iya tuƙa babur da hannu ɗaya a titin Gaya yakan ɗauka ja ba komai ba ne. Samuel Ikpefan, wanda ya wakilci Najeriya a tseren ƙanƙara a Olamfik ta Beijin a 2022, a gindin duwatsun Faransa ya tashi, tun yana yaro yake abin.

Sai kaya. Ka'idata a nan gajeriya ce: abin da ke taɓa ƙanƙara a yi hayarsa, abin da ke taɓa fata a saya. Allunan zamiya da sanduna da takalman roba masu tauri da hular kwano duk ana ba da su haya a gindin dutse, kuma mai shagon zai daidaita maƙallin takalmin da nauyin mutum da tsawonsa, yadda zai saki ƙafa idan an faɗi maimakon ya murɗe gwiwa. Sayen waɗannan domin tafiyar mako ɗaya asara ce, ga kuɗin awo a jirgi, ga shi a dawo a jingine su a bayan ƙofa gara ta sha kallo. A Dubai da Masar ma har riga da wando suna cikin kuɗin shiga, sai dai a tambaya ko safar hannu na ciki.

Tufafi kuwa hawa uku ake yi. Na jikin fata ya zama na ulu ko na zaren roba mai fitar da gumi, na tsakiya suwaita mai riƙe ɗumi, na waje riga da wando masu hana ruwa da iska shiga. Auduga, wadda ita ce abar alfaharinmu a zafin Kano, a can abokiyar gaba ce, domin tana shan gumi ta riƙe, ta koma sanyi a jiki. Singileti da shadda sai a bar su a otal. Safa guda ɗaya doguwa mai kauri ta fi biyu a haɗe, domin biyun na matse jini. Tabarau dole ne, saboda sabuwar ƙanƙara na mayar da mafi yawan hasken rana cikin ido, har ta kan jawo makanta ta kwana ɗaya ko biyu, kuma baƙar fata ma tana ƙonewa. Man kaɗanyar da muke shafawa don kaushi da faso zai yi aiki a leɓe da hannu. Hawa na biyu da na uku kuwa, wanda ya yi haƙuri ya tona dila a Ƙofar Wambai ko a nan kasuwar Juma'a zai same su da kaso kaɗan na farashin kantin Istanbul. Ya duba zif, ya duba ɗinki, ya ɗiga ruwa a kan yadin ya ga ko zai gangare. Mata ma ba su da abin damuwa ta fuskar sutura, don kayan wasan ba sa barin komai a waje, kuma ƙaramin hijabi na zama daram a ƙarƙashin hular kwano. Hukuncin shafa a kan huffi da na sallar ƙasaru, a zauna da malami a bita kafin a tashi, domin cire takalmin nan a yi alwala a kan dutse aiki ne.

Ga mafi yawanmu, malaman makaranta da ma'aikata da ɗalibai, duk wannan lissafin na wasu ne, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. Sanyin da ake biyan Dala a je nema akwai ɗan'uwansa a cikin gida. Jos tana kan tsayin kusan mita 1,200, kuma daga Wudil ta Birnin Kudu da Ningi yini ɗaya ya isa. Tsaunin Mambila a Jihar Taraba ya kai kimanin mita 1,600, da gonakin shayi a Kakara, da shanu a kan tuddai marasa iyaka, kuma a yankin ne Chappal Waddi yake, dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419. Ƙanƙara ba ta sauka, amma sanyin asubar Nguroje a watan Disamba zai sa mutum ya gode wa ɗan gwanjo. Gargaɗin likita game da mai sikila yana nan a kan Mambila ma, haka kuma gargaɗin da muke yi kowace shekara na kada a kwana da gawayi a rufaffen ɗaki. Hanyar ta bi ta Bauchi da Gombe da Numan zuwa Jalingo, sannan Bali da Serti, a fara hawa daga Mayo Selbe. Tafiyar kwana biyu ce ga mai iyali. A kwana a Jalingo, a tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki a makon, a duba birki, a kuma hau dutsen da rana tsaka.