Busasshen Kogi Ba Matacce Ba Ne

Akwai wata magana da waɗansu mutane su kan faɗa in sun ga kogi ya ƙafe da rani, wai ya mutu, saboda haka wurinsa ya zama na kowa. Wannan magana kuskure ce, ta kuwa rushe gidaje da yawa. Wanda ke son shaida, sai ya dubi Telwa, koramar da ke bi ta gefen birnin Agadas a ƙasar Nijar.

Telwa ta taso ne daga duwatsun Abzin, ta gangaro ta Dabaga da Azel, ta wuce Agadas, sa'an nan ta bazu a filin Irhazer wajen yamma. Ruwan saman da Agadas ke samu a shekara bai kai rubu'in na Kano ba, yawancinsa kuwa tsakanin Yuli da Satumba ya ke zuba. Dutse ba ya shan ruwa. Saboda haka in hadari ya sauka a kan duwatsun nan, sai ruwan ya haɗu wuri guda, ya taho da ƙarfi, ko da ɗigo bai faɗi a cikin gari ba. Bayan 'yan kwanaki ya janye, ba a ganin kome sai farin rairayi.

To, nan ne mai gajeren tunani ya ke ruɗewa. Ruwan nan bai tafi duka ba. Wani ya nutse cikin rairayi, rairayin kuwa ya rufe shi kamar yadda faifai ke rufe randa, rana ba ta isa gare shi. Hausawa sun ce, ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Daga wannan ajiya Abzinawa masu lambu ke cika rijiyoyinsu, a dā da sa ko raƙumi mai jan guga, yanzu da yawa da inji. Da ita a ke noman albasa, da tafarnuwa, da alkama, da tumatir a tsakiyar hamada. Ita ke rayar da goriba, da gawo, da aduwa a bakin korama. Goriba ta ba da kaba ta tabarma da igiya, gawo ya ba da abincin awaki da rani, saiwoyinsu kuma su riƙe gaɓa kada ta zube. Ragowar ruwan da ya kai Irhazer, shi ke taimakon ciyawar da makiyaya ke bi wajen Ingal a ƙarshen damina.

Ashe wanda ya cika tifa da yashi daga tsakiyar irin wannan kogi, randar jama'a ya fasa. In rairayi ya ragu, ajiya ta ragu, ruwa ya yi ta gudu bai tsaya ya nutse ba, rijiyoyi su yi nisa. Wanda ya sare goriba don itacen wuta ko azara, ya buɗe wa ambaliya ƙofa. Wanda ya fi su laifi duka kuwa shi ne mai yanka fegi a hanyar ruwa ya sayar wa talaka, alhali shi kansa a kan tudu ya ke kwana.

A farkon Satumba na 2009 an yi ruwa mai yawa a Abzin. Telwa ta cika, ta fasa shingen da aka yi don tsare Agadas, ta shiga unguwanni, dubban mutane suka wayi gari ba su da ɗaki. Irin wannan ya sami Maraɗi a 1945, lokacin da gulbi ya ci tsohon gari, har aka ta da mutane aka mai da su kan tudu. Kogi ya kan yi shekara goma bai nemi wurinsa ba, amma ba ya mantawa.

Watakila wani ya ce gari yana girma, dole a yi gini, gini kuwa sai da yashi da fili. Gaskiya ne. Amma hukuma tana iya keɓe wurin ɗibar yashi nesa da rijiyoyi da lambuna, ta shata iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa, ta hana kowa gini a cikinta, ko mai kuɗi ne. Tsofaffin kowane gari sun san iyakar nan, tambayarsu kaɗai ba a yi.

Wannan aiki na hakimai ne da dagatai da masu unguwa, har wa yau na kowane magidanci ne. Kafin mutum ya biya kuɗin fegi, ya kamata ya tambaya ina ruwa ya tsaya a shekarar da ya fi yawa. In an ce ya taɓa zuwa nan, ya riƙe kuɗinsa, ya nemi tudu. Wanda ya ƙi ji, ba ya ƙi gani ba.