Gayya ta wuce tara hannuwa

Duk wanda ya san ƙasar Agiye ya san ciyawa ba ta jiran mai gona. Da zarar hatsi ya tsira, kwanakin noman fari ƙidayayyu ne, wanda kuwa ya makara rumbunsa zai ba da labari bayan girbi. Maganin da magabata suka yi wa wannan gaggawa shi ne gayya. Mai gona ya kai goro wurin sarkin noma ko sarkin samari, a sa rana, a yi shela. Ranar aiki kowa da matsayinsa: ƙarfafan samari a gaba da hauya, makaɗin gangar noma a bayansu yana zuga su, dattawa na duba kunya, mata da ƴan mata na kawo fura da ruwa. Gonar da mutum ɗaya zai yi mako biyu a cikinta sai a tashe ta kafin la'asar.

Abin mamaki, tambayar da gayya ta amsa ita ce ta addabi masu ƙera wasannin kwamfuta na intanet: yaya za a tara mutane da yawa, a lokaci guda, domin aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya? A wasan World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar a 2004, akwai dodanni da ba a iya kayar da su sai an kai musu hari cikin runduna. Da farko rundunar takan kai mutum 40, kowa na zaune gidansa, kuma aiki kashi uku ne: mai garkuwa da ke tsayawa gaban dodo yana shan duka, mai magani da ke warkar da waɗanda suka ji rauni, da masu sara da harbi. In babu mai magani, sauran duka sai zaman jira. Shugaban runduna kan ɓata sa'o'i yana neman mutum, kamar mai gayyar da makaɗinsa bai iso ba.

A watan Disamba na 2009 kamfanin ya saka wani dillali a cikin wasan, mai suna Dungeon Finder. Ɗan wasa ya faɗi aikin da ya iya, na'ura ta haɗa shi da baƙi huɗu, su zama biyar: mai garkuwa ɗaya, mai magani ɗaya, masu sara uku. A 2011 aka yi irinsa domin rundunar mutum 25. Jira ya ragu ƙwarai, wanda ba shi da abokai ma ya samu shiga. Amma ƴan kasuwa sun san bambancin dillali da dillali. Na kasuwar Cadawa ko ta Gazawa ya san mai kaya, ya san mai saye, yana tsaya wa baƙonsa, in an ci amana sunansa ne ke ɓaci. Dillalin na'ura bai san kowa ba. Mutanen da ya haɗa ba su taɓa ganin juna ba, ba sa sa ran sake haɗuwa, saboda haka zagi ya yi sauƙi, guduwa ana tsakiyar faɗa ta yi sauƙi. Dole kamfanin ya tanadi horo ga mai guduwa da ƙuri'ar korar mai ɓarna. A 2019, da aka sake fitar da tsohon wasan da sunan Classic, babu wannan dillali a ciki, kuma jama'a suka yi tururuwa zuwa gare shi.

Ƙasar Agiye ma ta samu nata dillalan. Na farko kuɗi ne. Jama'a ta ƙaru, gado ya rarraba gonaki, gandu ya watse, samari da yawa na tafiya biɗa Nijeriya ko Libiya. Alhajin da ke Maraɗi, ko ma'aikacin da ya sayi gona a ƙauye, ba ya buƙatar sarkin noma: ya ɗauki ƴan barema, ya biya su da maraice, kowa ya kama gabansa. Na biyu salula ce, wadda da kira uku ake tara ƴan ƙwadago ashirin. Babu laifi a cikin wannan, aiki na tafiya. Sai dai wanda ya ci moriyar gayya ya ɗauki bashin da zai biya da guminsa ranar gayyar wani, kuma ta wannan hanya ce ake nome gonar surukai, da ta marar lafiya, da ta matar da mijinta ya rasu. Barema ba ya barin irin wannan bashi. Talakan da ya yini a gonar mai kuɗi domin samun tiyar hatsi, tasa gonar ciyawa ke ci, ba kuwa wanda zai zo masa gobe.

Hukuma ma ta gwada dillanci. Bayan juyin mulkin 1974, gwamnatin Seyni Kunce ta raya samariya, ta sa ta gina azuzuwan makaranta da ayyukan gari. An yi aiki mai yawa, amma da yake umurni daga sama yake saukowa, samariyar ta dusashe tare da mulkin da ya ɗauke ta, a farkon shekarun 1990. Har yau ana ganin ƙungiyoyin da ake kafawa rana ɗaya domin wani shirin taimako ya iso: shugaba, magatakarda, ma'aji, sunaye cike da takarda. Ranar da motar shirin ta daina zuwa, ƙungiya ta mutu.

Akwai kuma darasi na biyu a wasan, wanda ya fi na farko daɗi. A 2009 an ba ɗan wasa damar riƙe sana'a biyu, ya zama mai sara yau, mai magani gobe. A 2013 aka fito da harin da ke karɓar kowane adadi daga 10 zuwa 25, ƙarfin dodo na ƙaruwa ko raguwa gwargwadon waɗanda suka zo. Rashin mutum ɗaya ya daina rusa aikin kowa. Gayya ta san wannan tun da daɗewa: in goma suka zo a yi na goma, in talatin a yi na talatin, wanda ya gaji da hauya ya koma ɗaukar ruwa. Ƙungiyoyin takarda ne suka manta da shi. Ma'aji ya tafi ci-rani da mabuɗi a aljihu, magatakarda shi kaɗai ya iya rubutu, sai taro ya gagara wata shida.

Inda aka haɗa sanin juna da sassaucin matsayi, abin na ɗorewa. A Ɗan Saga, cikin gundumar Agiye, kwamitin da ke tsaron itatuwan da manoma ke rainowa a gonakinsu ya haɗa maza da mata, manoma da makiyaya, kuma mutanen gari ne suka tsara dokokinsa. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 da taimakon CARE, mata ne ke zaɓen junansu, ba a zaɓa musu ba, shi ya sa asusunsu ya bazu ƙasashen Afirka da dama.

Saboda haka ma'aikacin da aka tura Gidan Runji ko Gazawa domin kafa ƙungiya, kafin ya buɗe rajista ya tambayi su wa ke zuwa gayyar juna, ya kuma tabbata kowane muƙami akwai mutum biyu da suka iya shi. Ɗan kasuwa mai gona a ƙauye kuwa, in ya biya ƴan baremansa, ya tuna cewa su ma suna da gonaki, ya bar musu rana tun ciyawa ba ta rufe shukarsu ba. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tara hannuwan yanzu ba wuya; abin tambaya shi ne ko za su dawo ranar da jinkar marar kuɗi ce a ƙasa.