FILIN MANOMI DA MAKIYAYI: Zuba kifi cikin tabki

Damina ta wuce. Tabkunan Dallol Mawri sun cika, tun daga Matankari da Dogon Dutsi har Tibiri. Yanzu ne garuruwa ke neman zuba kifi. Amma aikin ba ya son gaggawa.

Mutanen wani gari sun tara kuɗi, sun aika Gaya aka sawo ƴaƴan kifi. Mota ta iso da rana tsaka. Nan take aka juye duro cikin tabki. Da gari ya waye, kifin ya taso a mace. Kuɗin jama'a sun tafi banza.

Ga abin da ya kamata su yi.

Na ɗaya, a duba ruwa. Tabkin da ke ƙafewa kafin wata shida bai isa kiwo ba. A nemi wanda zurfinsa ya kai mita 1 ko fiye. A ɗanɗana ruwan. In kanwa ko gishiri ya yi yawa, a nemi wani tabki. Kifin teku ne ke son ruwan gishiri. Namu na ruwan daɗi ne.

Na biyu, a zaɓi kifi. Mai farawa ya fara da karfasa da tarwaɗa. Karfasa na hayayyafa da sauri, uwar kan riƙe ƙwai cikin bakinta har ya ƙyanƙyashe. Tarwaɗa na da juriya, tana shaƙar iska a saman ruwa. Kada a fara da giwan ruwa, don ƴan uwansa yake ci.

Na uku, zubawa. A yi ta da sassafe ko da marece. Ruwan duro da na tabki zafinsu ba ɗaya ba ne, shi ya kashe kifin garin nan. A riƙa ɗibar ruwan tabki kaɗan-kaɗan ana zubawa cikin duro har kamar minti 20. Sa'an nan a karkata shi, kifi ya fita da kansa. Kada a cika kifi da yawa.

Na huɗu, abinci. Dusar gero ta isa, a watsa kaɗan. Abin da ya rage yakan ruɓe ya ɓata ruwa. In an ga kifi na buɗe baki a saman ruwa da asuba, iska ta yi masa kaɗan. A dakatar da dusa.

Na biyar, tsaro. A hana su har wata shida. Kada a yi su da gidan sauro, yana kwashe ƙanana. Kada a wanke famfon feshin wake cikin tabki.

Akwai wata magana babba. Tabki mashayar dabbobi ce tun kafin a zuba kifi. Kada a toshe burtali. Kashin shanu ma taki ne ga ruwa, shi ke sa ya yi kore, karfasa ta samu abinci. Don haka mai gari, da sarkin ruwa, da ruggan Fulani su zauna tare, su yanke ranar buɗe su.

Garin da ke so ya fara, ya tura wakili wajen ma'aikatan gandun daji a Dogon Dutsi ko Tibiri. Su zo su ga tabkin tukuna, kafin a fidda ko dala.